Ra'ayinmu: In An Ce Babu Kuɗin Makaranta, A Nuna Mana Lissafi

Duk wanda ya taɓa zama a taron iyaye da malamai na wata makarantar firamare ta gwamnati a ƙasar Ikara, ko Maƙarfi, ko Kudan, ya san yadda irin wannan taro yake ƙarewa. Hedimasta zai miƙe ya jera abubuwan da babu: babu alli, babu benci, iska ta kwashe rufin aji tun farkon damina, malamin da ya yi ritaya kuma har yanzu ba a aiko da madadinsa ba. Iyaye su tambaye shi abin da aka ce a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuwa ya amsa musu cewa an ce babu kuɗi. Daga nan sai a yanka wa kowane mai ɗa abin da zai kawo, a yi addu'a, a watse.

Wannan magana ta "babu kuɗi" ita muke so mu duba a yau, domin ta daɗe tana rufe bakin talakawa. Ba mu ce ƙarya ce ba. Sau da yawa akwai gaskiya a cikinta. Abin da muke cewa shi ne, wanda aka ba amanar dukiyar jama'a, idan ya ce babu, to, wajibi ne ya buɗe littafi ya nuna nawa ya shigo, ina aka kai shi, kuma me aka fara ragewa kafin a zo kan makarantar ƙauye. Muddin ba a yi haka ba, jama'a suna da ikon su ci gaba da tambaya.

Dattawanmu za su tuna cewa ba yau aka fara ba. A farkon shekarun 1970 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, watau Jihar Kaduna ta yanzu haɗe da Katsina, ta karɓe makarantun mishan ta mayar da su nata. A lokacin ne Kwalejin St. Paul ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena, St. John ta Kaduna kuma ta koma Kwalejin Rimi. A 1976 Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE, aka buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Da waɗannan matakai biyu gwamnati ta ɗauki alkawari a gaban kowa cewa karatun ɗan talaka nauyinta ne. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Ba a daɗe ba farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar Naira ta zube, albashin malami ya zama ba ya kai shi tsakiyar wata. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa domin ta riƙa kula da albashin malamai. A 1991 aka rushe ta, aka jibga wa ƙananan hukumomi nauyin makarantun, malamai a sassan ƙasar nan da dama suka yi wata da watanni ba albashi. A 1993 kuma aka sake dawo da ita. A kowane juyi an ba da dalili mai daɗin ji, amma yaran da suka yi firamare a waɗancan shekaru su ne iyaye a yau, kuma da yawansu sun san abin da suka rasa.

A ran 30 ga Satumba, 1999, aka sake sabon alkawari a Sakkwato, inda Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE. Dokar 2004 ta ce karatu daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas ne. Ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin jiha ta fara ajiye nata rabon daidai da abin da za a ba ta. Wannan doka tana nan, ba a soke ta ba. Saboda haka duk uban da aka ce ya kawo kuɗin alli, ya sani cewa yana biyan abin da doka ta ce an riga an biya masa.

To, bari mu ɗauki dalilan da manyanmu suke bayarwa ɗaya bayan ɗaya, mu auna su da ma'aunin adalci.

Dalili na farko shi ne bashi. A ƙarshen watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya shaida wa jama'a a wani taro a Kaduna cewa ya gaji bashin Dala miliyan 587, da Naira miliyan dubu 85, da kwangiloli 115 da ba a gama biya ba. Ya ce daga cikin Naira miliyan dubu 10 da jihar ta samu daga asusun tarayya a wannan wata, an cire miliyan dubu 7 domin biyan bashi, alhali albashin ma'aikata kaɗai ya haura miliyan dubu 5. Wannan magana ce mai nauyi, kuma mun yaba da aka faɗe ta a fili. Bashin Dala ne, Dalar da take wajen Naira 460 a watan Mayu na 2023 kuwa ta kai wajen Naira 1,500 a 2024, watau nauyin ya ninka sau uku ba tare da an ƙara rancen ko sisin kwabo ba. Amma tambayar mutumin Pala ko Gubuci ko Likoro ita ce, daga cikin wannan bashi nawa aka kashe a makarantar garinsu? Yaron da yake zaune a kan buhu yana koyon baƙaƙe shi ne zai girma ya biya wannan bashi da harajinsa. Ba daidai ba ne a hana shi amfanin rancen, sa'an nan kuma a yanke kuɗin karatunsa domin a biya rancen.

Dalili na biyu shi ne wai albashi yana cinye komai. A watan Afrilu na 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, ta ce tsakanin kashi 84 zuwa 96 cikin 100 na abin da take samu daga asusun tarayya yana tafiya ne wajen biyan ma'aikata, kuma ba domin biyan albashi kaɗai aka zaɓe ta ba. Wannan ya jawo yajin aikin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa ta yi a Kaduna a watan Mayu na wannan shekara. Gaskiya ne gwamnati ba za ta ƙare a biyan albashi kaɗai ba. Sai dai a makarantar firamare albashin malami shi ne aikin kansa. Ana iya karatu a gindin kuka idan akwai malami, amma ko an gina aji mai tayil da fanka, idan babu mai koyarwa, ɗaki ne kawai. Wanda ya sa albashin malamin aji ɗaya a ma'auni guda da alawus na masu ba da shawara da 'yan rakiya, ya haɗa abubuwan da ba su haɗu ba. Idan za a rage, a fara ta sama, a nuna wa jama'a an fara ta can.

Dalili na uku shi ne rashin cancantar malamai. A 2017 an yi wa malaman firamare wajen 33,000 na jihar nan jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su sami maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su, da alkawarin ɗaukar sababbi 25,000. A watan Yuni na 2022 aka sake sallamar 2,357 bayan wata jarrabawar. Gwamnati ba ta kira wannan ragin kuɗi ba, ta kira shi gyara, kuma babu uba mai hankali da zai so a damƙa ɗansa ga wanda bai iya karatu ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Su wa suka ɗauki waɗannan malamai aiki tun farko, da takardar wane ɗan siyasa, kuma shekara nawa aka yi ba a tura su kwas ba? Daɗin daɗawa, korar malami aikin rana ɗaya ne, samun wanda zai zauna a ƙauyen da babu gidan malamai, babu ruwa, babu hanya da damina, aikin shekaru ne. Duk kujerar malami da aka bari babu kowa, kuɗi ne aka tsimi a takarda, kuma yaro ne ya biya da shekararsa. Wannan shi ne irin ragin da ba a sanarwa a rediyo: malami ya yi ritaya, ko ya rasu, ko ya bar aiki, a yi shiru, a haɗa ajinsa da na kusa.

Dalili na huɗu ya fi sauran wuyar kamawa, domin shi cewa ake yi ba a rage komai ba, ƙari ma aka yi. A kasafin kuɗin 2024 da na 2025 gwamnatin jiha ta sanar cewa ta ware wa ilimi wajen kashi ɗaya bisa huɗu na dukan kasafin. Idan aka kwatanta da abin da ƙasashen duniya suka amince da shi a taron Incheon na ƙasar Koriya ta Kudu a 2015, watau kashi 15 zuwa 20 cikin 100, wannan abin yabo ne. Amma ya kamata mai karatu ya riƙe abubuwa uku. Na ɗaya, kasafi alkawari ne a takarda, abin da aka saki daga baitulmali shi ne kuɗi. Na biyu, kalmar ilimi a kasafi ta haɗa jami'a, da kwalejoji, da sakandare, da manyan gine-gine na birni, ba firamare kaɗai ba. Na uku, tsadar kaya ta kai kashi 34 da ɗoriya cikin 100 a watan Disamba na 2024, buhun siminti da ake saye ƙasa da Naira 5,000 a farkon 2023 ya kai wajen 10,000 a 2024. Ke nan kuɗin da zai gyara aji biyu a da, yanzu da ƙyar zai gyara ɗaya. Manomin tumatir na Ikara ya fi kowa sanin cewa yawan kwanduna ba shi ne riba ba, sai an ga abin da ya rage bayan kuɗin taki da na mota.

Dalili na biyar shi ne turawa juna. Ka je sakatariyar ƙaramar hukuma a Ikara, ko Maƙarfi, ko Hunƙuyi, a ce maka kuɗin malamai tun daga Kaduna ake cirewa. Ka je Kaduna, a ce maka firamare ta ƙananan hukumomi ce. Ka tambayi Abuja, a ce an aiko. Asalin wannan rikici yana cikin sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, kuma daga wannan rabo ne ake biyan malaman firamare ta hannun hukumar SUBEB. A ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma shekara guda bayan hukuncin ana ta jan ƙafa wajen aiwatar da shi. Malamai da yawa suna tsoron kada a koma gidan jiya na 1991, kuma tsoronsu yana da tushe. Mu dai abin da muke nema shi ne a san mutum ɗaya tak wanda za a tsare da tambaya idan alli ya ƙare.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu, 2023, abin da ake rabawa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, daga sama da Naira tiriliyan 10 a 2023 zuwa sama da tiriliyan 15 a 2024. An ce wa talaka ya yi haƙuri da tsadar mota da ta abinci domin kuɗin za su koma ga ilimi da lafiya. Talaka ya cika nasa alkawari, domin yana biya kullum a tashar mota da wajen mai niƙa. Yanzu saura a nuna masa inda nasa rabon ya sauka.

Misalin ciyar da 'yan makaranta ya isa darasi. A watan Janairu na 2016 gwamnatin jiha ta fara ciyar da yaran firamare a kan Naira 50 kowane yaro a rana, makarantu suka cika maƙil, har waɗanda ba su taɓa zuwa ba suka zo. Wannan ya nuna cewa mutanenmu ba ƙin boko suke yi ba, yunwa da talauci ne suke tsare yara a gida. Ba a yi nisa ba nauyin ya fi ƙarfin jiha aka dakatar, Gwamnatin Tarayya ta shigo da nata shiri na aji ɗaya zuwa uku a 2017, shi ma aka dakatar da shi a watan Janairu na 2024. Shirin da aka fara da ganga aka ajiye shi a ɓoye yana koya wa iyaye cewa maganar hukuma ba abin dogara ba ce, kuma wannan hasara ta fi ta kuɗi.

Wa yake ɗaukar wannan nauyi duka? Ba ɗan babban ma'aikaci ba ne, domin shi yana makarantar kuɗi a Zariya ko Kaduna. Ɗan manomin rake ne na Maƙarfi, da 'yar mai dashen albasa ta Kudan, da yaran ƙananan ƙauyukan da ke bayan Saulawa da Kurmin Kogi da Gazara, waɗanda makarantar gwamnati ita ce kaɗai ƙofarsu. Yawancin jama'ar ikilisiyoyinmu na wannan yanki manoma ne, ba su da wata makarantar da za su koma, haka kuma maƙwabtansu Musulmi, domin benci ɗaya yaran suke zama, ɗigar rufi ɗaya take jiƙa su. Idan aka yanka kuɗi uba ya kasa biya wa kowa, mun san wadda ake fara cirewa: 'ya mace ce. Namijin kuma idan ya ga zaman aji ba ya ƙara masa komai, sai ya bi masu saran rake ko tsinkar tumatir, daga nan sai birni da acaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hanyar da ba a yi bana ba ana iya yin ta baɗi, amma yaro ɗan shekara bakwai ba zai tsaya yana jiran kasafin baɗi ba.

Ba za mu rufe ido ga abin kirki ba. An gina azuzuwa, an gyara wasu, kuma a watan Agusta na 2023 an rage kuɗin manyan makarantun jiha, inda na Jami'ar Jihar Kaduna ya sauko daga Naira 150,000 zuwa 105,000. Wannan ya nuna cewa idan aka ga dama ana samun hanya. Sai dai wanda bai iya karatu a aji uku na firamare ba, ragin kuɗin jami'a ba zai taɓa isowa gare shi ba. Haka kuma ba za mu wanke kanmu ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai iyayen da ba su taɓa leƙa ajin ɗansu ba, akwai masu kwashe yara ranar kasuwa da lokacin girbi, akwai kuma malaman da suke sa hannu a rajista su wuce gona. Wanda zai nemi lissafi a wurin hukuma, sai ya fara gyara nasa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, tare da sakatarorin iliminsu, da su riƙa liƙa takarda a allon sanarwa na sakatariya kowane wata, da Hausa, mai nuna nawa ya shigo, nawa aka cire na malamai, nawa aka kashe wajen gyaran makarantu da sayen kayan aiki. Su kuma bayyana yawan yara da yawan malamai na kowace makaranta, da yawan waɗanda suka bar aiki ba a maye gurbinsu ba. Wannan ba ya bukatar kwangila, takarda ce da ƙusa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Muna kira ga gwamnatin jiha da ta riƙa raba kuɗin firamare daban a bayaninta, ta faɗi abin da ta ware da abin da ta saki, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Jihar Kaduna tana da makarantun firamare na gwamnati sama da 4,000, kuma jimla guda ba ta gaya wa kowa halin da makarantar garinsa take ciki. Muna roƙo kuma a fi ba da ƙarfi wajen ɗaukar 'ya'yan yankin masu takardar NCE waɗanda suka ci jarrabawa da guminsu, domin ɗan gari ya fi zama a gari. 'Yan majalisarmu na jiha da kansiloli su tuna cewa bin sawun kuɗin da suka amince da shi yana cikin aikin da aka zaɓe su su yi.

Ku kuma iyaye, da dattawan ikilisiya, da zumuntar mata, da matasa masu ilimi, kada ku bar kwamitin kula da makaranta ya zama suna kawai. Ku shiga, ku haɗa kai da masu unguwanni da limamai da dagatai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku ƙirga yara, ku ƙirga malamai, ku ƙirga bencina, ku rubuta, ku kai ofishin ilimi da sa hannun mutanen gari, ku ajiye kwafi. Abin da kowace ƙaramar hukuma take samu daga asusun tarayya ana buga shi kowane wata, kuma tun 2011 ƙasar nan take da dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani a hannun hukuma. Ku je da ladabi, ba da zagi ba, amma kada ku dawo da "babu kuɗi" kaɗai a hannu. Idan an faɗa muku haka, ku ce: ranka ya daɗe, mun ji, to, nawa ne ya shigo?

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shugaban da yake riƙe da amana tsakani da Allah ba zai ji zafin wannan tambaya ba, zai ma yi murna da ya sami masu taya shi tsaron dukiyar yara. Allah shi ba shugabanninmu zuciyar adalci, shi ba mu ƙarfin halin tambaya, shi kuma raya mana 'ya'yanmu cikin ilimi mai amfani. Amin.